Wayar Gazawa: Tarihin Wutar Ƙasar Maraɗi Tsakanin Mai, Yuraniyom da Iska

Gazawa ba babban birni ba ce. Sai a shekarar 2011 aka yanke ta daga Agiye aka ba ta gundumar kanta, da ƙananan hukumomi 2 kacal, Gazawa da Gangara. Amma a wurin ma'aikatan lantarki na Nijar, sunanta ya fi na manyan garuruwa da dama nauyi. A nan ne babbar wayar da ta taso daga Katsina, mai ɗauke da bolt dubu 132, take sauka bayan ta tsallako iyaka, sannan ta rabu gida biyu. Reshe guda ya yi yamma, ya ratsa gonakin gero da aya zuwa Maraɗi, ɗayan ya yi gabas zuwa Damagaram. Tun 1994 da aka kunna ta, in wuta ta ɗauke a Cadawa ko Tsibiri ko Gidan Rumji, tambayar da ake fara yi ita ce: daga nan ne, ko daga Najeriya?

Tambayar tana da ciwo, domin Nijar ba matalauciyar makamashi ba ce. Tana da yuraniyom a Arlit, wanda ya haura shekara 50 yana ciyar da tashoshin nukiliyar Faransa. Tana da kwal a Anu-Araren, da ɗanyen mai a Agadem, ga iskar hunturu, ga rana mai dukan ƙeya. Duk da haka, kusan mutum 1 cikin 5 ne ke da lantarki a ƙasar, a karkara kuwa lissafin ya fi haka muni nesa. Wanda ya bi tarihin wayar Gazawa zai ga yadda kowace hanya ta samar da wuta ta nuna ƙarfinta da rauninta a wannan ƙasa.

Daga fitilar man gyaɗa zuwa injin gazuwal

Lokacin da Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, hasken dare a fada da bukkar talaka iri ɗaya ne: wutar itace da kara, da fitilar da ake zuba wa man kaɗe ko man gyaɗa, a murza lagwani na auduga. Duk abin da ake ƙonawa daga daji ko gona yake fitowa, ba a biyan kowa kuɗin waje.

Cinikin gyaɗa ne ya sauya wannan. A zamanin mulkin Faransa, Maraɗi ta zama cibiyar awon gyaɗa, kasuwanni irin Cadawa suka cika da sikeli da buhuna, motocin da ke kwasar amfanin gona zuwa Kano suka riƙa dawowa da atamfa, sukari, ashana da gwangwanayen kananzir. Fitilar ƙwai ta shiga gidajen masu hali, aci-balbal ta shiga na sauran jama'a da teburan masu tsire da ƙosai. A karon farko hasken dare ya zama abin saye, kuma farashinsa ya rataya ga abin da ke faruwa a tashar jirgin ruwa mai nisan fiye da kilomita 1,000.

Lantarki ma ta wannan ƙofa ya shigo. Kamfanin Faransawa mai suna Energie AOF ya karɓi aikin wutar Yamai a 1952, sannan a 1968 gwamnatin Diori Hamani ta kafa kamfanin ƙasa, NIGELEC. Maraɗi da Damagaram kowace ta sami tasharta ta injunan gazuwal, kowace tsibiri ce a kan kanta, ba wayar da ta haɗa ta da wata. Amfanin injin gazuwal a fili yake. Ana sauke shi daga mota, a kafa shi cikin ƴan makonni, a kunna lokacin da ake so, a kashe lokacin da aka ga dama, ko da iska ko babu, ko da rana ko tsakar dare. Illarsa kuwa ba ta bayyana ranar saye, sai a kowace safiya bayan nan. Kowane kilowat da zai bayar, sai an zuba masa man da aka ɗauko daga bakin teku, ta jirgin ƙasa zuwa Paraku, daga can a tankokin mota. Da farashin mai ya yi tashin gwauron zabi a duniya a 1973, a daidai lokacin da fari ya durƙusar da noma da kiwo, Nijar ta gane cewa ba za ta iya haskaka ƙasa da gazuwal ba.

Mafita ta fito daga kudu. Najeriya ta kammala madatsar Kainji a 1968, mai ƙarfin megawat 760, a kan kogin Kwara da ke ratsa Nijar kafin ya isa can. A 1976 aka ja waya daga Birnin Kebbi zuwa Yamai. Jami'an Najeriya sun sha faɗa a fili cewa sayar wa Nijar wuta da rahusa dabara ce ta kare ruwan Kainji, don kada maƙwabciyar ta tare kogin daga sama. Yankin Maraɗi ya jira shekara 18 kafin tasa wayar ta iso, kuma ta zo a kan gaɓa. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake shigowa da shi da kuɗin waje ya ninka, har da mai da kayan gyaran inji. Daga wannan shekara injunan Maraɗi suka koma ƴan jiran ko-ta-kwana, ana tayar da su ne in waya ta gaza.

Mutane da yawa na ɗauka wutar da ke sauka Gazawa ta ruwa ce zalla. Ba haka ba ne. Wayoyin Najeriya a haɗe suke, kuma wajen kashi 3 cikin 4 na wutar da ke bin su daga iskar gas ta kudancin ƙasar take, sauran daga madatsun Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru. Kafin ta kai Katsina sai ta biyo ta Kaduna da Kumbotso a Kano. Gazawa na can ƙarshen layi, inda ƙarfi ke raguwa, kuma duk wata tangarɗa da ta faru a hanya, ko bututun gas ya fashe, ko turke ya faɗi, sai ta iso har shagon mai walda a Agiye.

Kwal don haƙo yuraniyom

Yayin da kudu ke jiran waya, a arewa ana rubuta wani tarihin. A 1957 masu binciken ma'adinai na Faransa, da ke neman tagulla, suka ci karo da yuraniyom a Azelik. Aka kafa SOMAÏR don haƙar yuraniyom a 1968, ta fara fitar da kaya a Arlit a 1971. COMINAK ta biyo baya a 1974, ta fara aiki a ramin Akuta a 1978. A wannan tsakani ne, a watan Maris na 1974, firaministan Faransa Pierre Messmer ya shelanta shirin gina tashoshin nukiliya birjik, don raba ƙasarsa da dogaro ga man Larabawa. Matsalar da ta kai Nijar ga wayar Najeriya ita ce ta kai Faransa ga yuraniyom ɗin Nijar. Yau wajen kashi 2 cikin 3 na lantarkin Faransa daga nukiliya yake, kuma a shekaru 10 kafin 2023 kusan kashi 20 cikin 100 na yuraniyom ɗin da take saye daga Nijar ya fito.

Haƙar ma'adini da tace shi na cin wuta sosai, ga Arlit a tsakiyar hamada. Don haka a 1975 aka kafa SONICHAR, aka buɗe ramin kwal a Anu-Araren kusa da Cirozerin, aka gina injuna 2 masu megawat 18.8 kowane, suka fara aiki a 1981 da 1982. Fiye da shekara 40 ke nan ana ƙona wannan kwal mai yawan toka, an daɗe mafi yawan wutarsa na tafiya ga kamfanonin ma'adinai, ragowar ga Agadas da Arlit da Cirozerin. Wato ƙasar da ke sayar da makamashin nukiliya, da gawayin ƙasa take haƙo shi, kuma babu wata waya da ta haɗa wancan yanki da Maraɗi.

Me ya hana a ƙona yuraniyom ɗin a gida? Na farko, abin da ke fita daga Arlit ba makamashin tasha ba ne tukuna. Gari ne mai launin rawaya da ake durawa a ganguna, a da ana bin hanyar Tawa da Doso da Gaya da shi zuwa Kwatano, daga can zuwa masana'antun Malvési da Tricastin a Faransa. Nau'in da ke tsagewa ya ba da zafi, yuraniyom 235, kashi 0.7 ne kawai cikin 100 na ma'adinin. Sai an ɗaga shi zuwa kashi 3 zuwa 5, aikin da ƙasashe ƙalilan ne ke yin sa a duniya, kafin a dunƙule shi ƙwayoyi. A nan ne abin al'ajabin yake: ƙwaya ɗaya da ba ta wuce kan ɗan yatsa ba tana ba da zafin da ya kai na kwal wajen tan guda. Tukunyar nukiliya mai megawat 1,000 tana buƙatar ɗanyen yuraniyom kusan tan 200 a shekara, Nijar kuwa ta fitar da wajen tan 2,000 a 2022. Ma'adinin ba shi ne matsala ba.

Nukiliya na da hujjoji masu ƙarfi, kuma adalci ne a faɗe su. Tashar da ake kula da ita da kyau tana aiki kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na sa'o'in shekara, ba ruwanta da damina ko rani. Ba ta fitar da hayaƙi. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, a rahotonsa na 2014, ya lissafa iskar kabon da kowace hanya ke fitarwa tun daga gini har rushewa. A kowane kilowat na sa'a guda, kwal na fitar da giram 820, gas 490, hasken rana 48, nukiliya 12, iska 11. Wannan lissafi ba na Turawa ba ne su kaɗai. Manomin Agiye da ke ganin shuka ta ƙone bayan ruwan farko, da mazaunin bakin Gulbin Maraɗi da ambaliya ke ci wa gida, suna cikin masu biyan kuɗin hayaƙin da wasu suka ƙona.

Sai dai girmanta ya fi ƙarfin wayoyin Nijar. Tukunya ɗaya ta zamani tana ba da megawat 1,000 zuwa 1,600, kuma abin da za ta samar a shekara ya ninka duk wutar da Nijar ke sha fiye da sau 3. Ƙa'idar injiniyoyi ita ce kada inji guda ya wuce wajen kashi 10 cikin 100 na ƙarfin wayoyin da yake ciyarwa, domin ranar da ya tsaya, ko don gyara ko don sauya makamashi, wanda ake yi duk shekara ko shekara da rabi, sauran su iya riƙe ƙasa. Gidan da ya zuba hatsinsa kaf a rumbu ɗaya, ranar da gobara ta taɓa rumbun ba shi da tuwon dare.

Ga kuɗi. Faransa, da duk ƙwarewarta, ta fara gina tukunya ta 3 a Flamanville a 2007 da ƙiyasin yuro biliyan 3.3, ba ta haɗa ta da waya ba sai Disamban 2024, bayan kuɗin ya haura biliyan 13. Masar na gina tukwane 4 a Daba'a tare da kamfanin Rosatom na Rasha tun 2022, a kan wajen dala biliyan 30, abin da ya zarce duk arzikin da Nijar ke samarwa a shekara. A duk Afirka tasha ɗaya ce ke aiki, ta Koeberg a Afirka ta Kudu, tun 1984. A ƙasar Hausa kuwa akwai ƴar ƙaramar tukunyar bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun 2004, mai kilowat 30, wadda ake gwaje-gwajen ma'adinai da ƙasar noma da ita, ba ta kunna ko ƙwai ɗaya.

Ga kuma ruwa. Tashar nukiliya, kamar ta kwal, tururi take dafawa, kuma sai an sanyaya shi da ruwa mai ɗimbin yawa. Koeberg da Daba'a duk a bakin teku suke. Tashar Palo Verde ta Amurka tana cikin hamada, amma da tataccen ruwan kwatamin babban birnin Finiks take rayuwa. Gulbin Kaba da ya ratsa ƙasar Gazawa da Agiye ya fi zama kwarin goriba fiye da kogi, Gulbin Maraɗi kuwa ƴan watanni yake gudu, ya ƙara raguwa tun da aka gina madatsar Jibiya a samansa. In ma za a gina irin wannan tasha a Nijar, ba a ƙasar Maraɗi za ta zauna ba, sai dai wutarta ta zo ta waya.

Batun haɗari kuwa, duniya na tuna Carnobil ta 1986 da Fukushima ta 2011, ko da yake in aka auna da yawan wutar da aka samar, hayaƙin kwal da na mai sun kashe mutane ninkin-ba-ninkin. Amma Nijar ta riga ta ɗanɗana nata kason tun ba ta da tasha. Da COMINAK ta rufe a ƙarshen Maris na 2021, ta bar tarin sharar ma'adini wajen tan miliyan 20 a gefen garin Akokan da ke kusa da Arlit. Almoustapha Alhacen da ƙungiyarsa Aghir In'Man sun shafe shekaru suna fafutuka a kan ƙura da ruwa da ƙarafan da ke fita daga masana'anta su shiga kasuwa, har aka ba shi lambar yabo ta Nuclear-Free Future a 2017.

Fankokin Lambar Rimi

Gwajin iska mafi kusa da Gazawa yana ɗaya ƙarshen wayarta. A 2005, lokacin da Umaru Musa Ƴar'aduwa ke gwamnan Katsina, aka tsara kafa tashar iska a Lambar Rimi, kudu da birnin Katsina. Da ya zama shugaban ƙasa, gwamnatin tarayya ta karɓi aikin. Kamfanin Vergnet na Faransa ya kawo fankoki 37, kowace mai fukafukai 2 da ƙarfin kilowat 275, jimilla megawat 10, irin waɗanda ake iya kwantar da su ƙasa don gyara ko in guguwa ta taso.

A watan Disamban 2012 ƴan bindiga suka afka wa masaukin ma'aikata a Rimi, suka sace injiniya Francis Collomp, ƙungiyar Ansaru ta ɗauki alhaki. Ya kuɓuta da ƙafarsa a Zariya a Nuwamban 2013, amma aikin ya riga ya yi rauni. Sama da shekara 10 aka yi ana sa ranar buɗewa ana ɗagawa, wasu fankokin suka lalace, ɓarayi suka taɓa wasu kayan. Iskar Katsina ba ta ci amanar kowa ba. Rashin tsaro, jinkirin kuɗi da rashin mai kula ne suka kayar da aikin, kuma duk wanda ya san halin da kudancin Gidan Rumji ya shiga tun 2019, da dubban ƴan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina, ya san darasin bai tsaya a wancan gefen iyaka ba.

Inda aka riƙe aikin da kyau, iska ta biya. Kenya ta kafa fankoki 365 a gefen tafkin Turkana, masu megawat 310, Senegal ta kafa 46 a Taiba Ndiaye, masu kusan megawat 159. Ba a sayen makamashi, ba a buƙatar ruwan sanyaya inji, manomi na iya shuka gero har gindin turke, kuma ana iya farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa. Rauninta ɗaya ne, amma babba: ba a ba ta umurni. Fanka ba ta juyawa sai iska ta kai gudun mita 3 zuwa 4 a daƙiƙa, kuma in gudun ya ninka sau 2, wutar na ninkawa sau 8, don haka ɗan bambanci tsakanin tudu da kwari shi ke raba riba da asara. A shekara, fanka mai kyau na ba da kashi 25 zuwa 40 cikin 100 na cikakken ƙarfinta. A ƙasar Hausa iska ta fi kaɗawa da hunturu, lokacin da mutane ke lulluɓe da bargo, alhali buƙatar wuta ta fi tsanani da bazara, a Afrilu da Mayu, lokacin da kowa ke neman fanka da ruwan sanyi. Ga ƙurar da ke cin ƙarfe. Masu aunawa sun fi kwaɗayin tuddan Adar fiye da filayen Maraɗi, shi ya sa yarjejeniyar da gwamnati ta sa wa hannu da kamfanin Savannah Energy a Maris na 2022, ta tashar iska ta Tarka mai megawat har 250, a jihar Tawa aka tsara ta.

Watannin da aka tsinke waya

A shekarun baya-bayan nan Nijar ta shiga sahun masu mai. Matatar SORAZ, arewa da Damagaram, ta fara tace ganga dubu 20 a rana a Nuwamban 2011, kuma bututun da ya ɗauki ɗanyen mai daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ya ratsa jihar Maraɗi. An ja waya daga matatar zuwa Damagaram, wata daga Maraɗi zuwa Malbaza. Duk da haka, har zuwa tsakiyar 2023 wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa.

Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum. Ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, a farkon Agusta Najeriya ta tsinke wuta. Tashar Gazawa ta yi tsit. Aka koma kan injunan mai, ana raba wuta unguwa-unguwa, sa'o'i kaɗan ga kowa. Lamarin ya haɗu da wani: watanni 2 kafin nan Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin fetur, don haka man ƴan ruwa-ruwa, wanda masu niƙa da masu ban-ruwa a fadamun Tsibiri da Sululu suka daɗe suna dogaro da shi, ya riga ya yi tsada. Mai ƙanƙara, tela, mai walda, mai cajin salula, ma'aikaciyar jinyar da ke ajiye allurar rigakafi a firij, kowa ya ji a jikinsa. Sai ranar 24 ga Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, wuta ta dawo a watan Maris.

Waɗannan watanni 7 sun gwada kowace hanya a zahiri. Yuraniyom na Arlit bai kunna ƙwai ɗaya a Maraɗi ba. Fankokin Tarka suna kan takarda. Gazuwal da ɗanyen mai, masu tsada da hayaƙi, su suka riƙe asibitoci da famfunan ruwa, domin su kaɗai ke amsa kira nan take. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne na huɗu, wanda ba a cika sa shi a muhawarar manya ba: rana. Tashar Malbaza mai megawat 7 tana aiki tun 2018, ta Goru Banda mai megawat 30 ta shiga layi a 2023 ta rage wa Yamai raɗaɗi, a kasuwanni kuwa cinikin faifan sola da batir ya buɗe. A ƙauyukan da waya ba ta taɓa zuwa ba, inda tocilan ƴar Sin ta riga ta kori aci-balbal, faifai guda a kan rufin shago shi ne tashar wutar gari.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a yankin. A Tasawa, maƙwabciyar Gazawa, aka haifi Farfesa Abdou Moumouni Dioffo a 1929, masanin kimiyyar lissafi da makamashi wanda ya shugabanci hukumar makamashin rana ta ONERSOL daga 1969, yana ƙera tukwanen girki da na dafa ruwa masu aiki da rana tun duniya ba ta waiwayi fannin ba. Jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi.

Abin da ke kan tebur

Tun bayan 2023 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta ɗauki batun wuta a matsayin batun ƴancin ƙasa. An karɓe lasisin haƙar yuraniyom na Imuraren daga kamfanin Orano na Faransa a Yunin 2024, an mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa a Yunin 2025, wata guda bayan haka aka sa hannu kan takardar fahimtar juna da Rosatom kan amfani da nukiliya ta hanyar lumana. Ana maganar tashar kwal a Salkadamna ta jihar Tawa, ana ci gaba da dakon madatsar Kandaji mai megawat 130. Ana kuma sa ido kan ƙananan tukwanen nukiliya, irin 2 masu megawat 35 da Rasha ke aiki da su a kan jirgin ruwa a Pevek, waɗanda girmansu ya fi dacewa da ƙasa irin Nijar, ko da yake har yanzu ƴan ƙalilan ne ke aiki a duniya.

Kowace daga cikinsu tana da gurbinta. Mai da gas na cike giɓin dare da na bazara, iska da rana na rage kuɗin mai da hayaƙi, nukiliya na iya zama ginshiƙi in ƙasashe da dama suka haɗa wayoyinsu suka raba nauyin. Amma babu wadda za ta kai Cadakori ko Sae Sabuwa ko Gangara ba tare da waya ba. Har yau wayoyin Nijar a rarrabe suke, na yamma daban, na tsakiya da gabas daban, na arewa daban. Layin da aka tsara tsakanin Zabori da Malbaza, cikin shirin Haske da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021, shi ne zai sa wutar Kandaji ko ta Goru Banda ta iya isowa Maraɗi. Bayan shi sai ƙananan turaku da taransifoma da mita, domin akwai ƙauyukan da babbar waya ke wucewa ta saman gonakinsu alhali ba su da ƙwai ko ɗaya.

Lokaci ma na cikin lissafi. Ana kafa ƙaramar tashar rana ta ƙauye cikin watanni, tashar iska cikin shekara 2 zuwa 3 in an kammala awo kuma kuɗi na hannu. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya kuwa na ƙiyasta shekara 10 zuwa 15 ga ƙasar da za ta fara daga tushe, kafin ta horar da ma'aikata, ta kafa dokoki da hukumar sa ido, ta kammala gini. Ƙidayar 2012 ta sami mutum miliyan 3.4 a jihar Maraɗi, kuma a yadda ake haihuwa, adadin na ninkawa cikin kusan shekara 20. Yaron da aka raɗa wa suna bana a Gangara zai iya gama firamare kafin tukunyar nukiliya ta farko ta ba da wuta a Nijar, ko da gobe aka fara aikin. Karatun da zai yi da dare a waɗannan shekaru ya dogara ne ga turakun da za a kafa daga tashar Gazawa zuwa ƙauyensu, ko faifan ranar da za a ɗora a kan rufin makarantarsu.